A Dawo Da Majigi Fataskum, Amma Ba Irin Na Da Ba

Yaron da aka haifa a garin Potiskum, wanda muka saba kira Fataskum, a shekarar da 'yan bindiga suka banka wa kasuwar shanu wuta, watau 2012, yanzu ya isa shiga makarantar sakandare. Bai ga abin da ya auku ba, ko kuwa ya gani yana goye a bayan uwarsa. Amma fa yana ji. Yana ji a majalisar samari, yana ji a teburin mai shayi, yana kuma gani guntu-guntu a cikin wayar hannu, inda hoton gaskiya da na ƙarya suke cakuɗe babu mai tankaɗe masa. Abin tambaya shi ne, wa zai zaunar da wannan yaro ya nuna masa daki-daki abin da ya sami garinsu, da yadda aka yi har ya same shi? Ra'ayina a kan wannan al'amari shi ne a dawo da majigi dandalin gari, a riƙa nuna wa jama'a finafinan labarin gaskiya, waɗanda ba wasan kwaikwayo ba, a kan yaƙi da sulhu da haƙƙin talaka, sa'an nan in an gama a bar mutane su yi magana.

Mu 'yan baya ba mu riski majigi yana ganiyarsa ba, sai dai labari daga bakin iyaye. Tun da hantsi sankira zai zaga gari yana shela cewa yau akwai majigi a ƙofar fada. Da la'asar sai ga motar Ma'aikatar Watsa Labarai ta iso da injin wutarta da lasifika, a kafa farin ƙyalle, yara su kama wuri tun rana ba ta faɗi ba. Bayan sallar lisha sai Sarki ko Hakimi ya fito, a kunna na'ura, ma'aikaci guda ya riƙe abin magana yana fassara wa jama'a abin da suke gani. Ba a biyan ko anini. Wanda bai taɓa taka makaranta ba da wanda ya gama Midil duk wuri ɗaya suke zama, abu ɗaya suke kallo, gobe kuma a kasuwa zancen ke nan.

Asalin abin daga Ikko ne. Wani Baturen ma'aikacin lafiya mai suna William Sellers shi ya fara amfani da hoto mai motsi don ya nuna wa mutane yadda ɓera ke yaɗa annoba. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke a 1939, sai Gwamnatin Ingila ta kafa wani sashe na yin finafinai domin ƙasashen da take mulki, ta ɗora shi a kai. Aikin sashen a fili yake: a nuna ƙarfin Ingila, a nuna muguntar Hitila, a ja hankalin samari su shiga soja, a kuma sa manoma su ƙara himma wajen gyaɗa da auduga. Samarinmu da yawa da aka kwasa zuwa dazuzzukan Boma, a jikin farin ƙyalle suka fara ganin yaƙi, inda soja kullum tsaf yake cikin kaki, ba a ganin jininsa. An rufe wannan sashe a 1955, amma Gwamnatin Jihar Arewa ta gaji motocin da dabarar. A zamanin Sardauna majigi ya yi aiki ƙwarai: da shi aka taimaki Yaƙi da Jahilci, da shi aka koyar da noman zamani ta hanyar fim ɗin Baban Larai, da shi mutanen karkara suka ga hawan daba da aka yi wa Sarauniyar Ingila a Kaduna a 1956. Wanda ya ce majigi bai amfani Arewa ba, bai yi adalci ba.

Amma akwai wani aibi da aka haifi majigi da shi, kuma har ya tsufa bai rabu da shi ba. Baki ɗaya ne da shi, ba shi da kunne. Hukuma ce ke zaɓen fim, ma'aikacinta ke fassara, in an gama a naɗe ƙyalle mota ta kama hanya. Ba a taɓa tanadar wa talaka lokacin da zai miƙe ya ce, ni fa abin da na gani ya saɓa wa abin da na sani. Turawan da suka ƙago shi ma ba su ɗauki mai kallo a bakin komai ba. Suna da wani labari da suka yi ta maimaitawa a tsakaninsu, wai an nuna wa 'yan Afirka fim na tsabta, da aka tambaye su me suka gani sai suka ce kaza, domin wata kaza ta gifta a gefen hoton. Daga nan suka yanke hukunci wai kwanyarmu ba ta ɗaukar hoto mai sauri, sai a riƙa yi mana fim a hankali kamar ana ba jinjiri koko. Bai zo musu a rai ba cewa mai yiwuwa kazar ce kaɗai abin sha'awa a fim ɗin.

Wani Bafaranshe ya gane kuskuren wannan tunani a nan maƙwabta. Jean Rouch ya ɗauki hoton masunta Sarkawa suna farautar dorina a kogin Kwara, sa'an nan a farkon shekarun 1950 ya koma garin Ayoru na ƙasar Nijar ya nuna musu. Masuntan suka kalla, suka sake kallo, sai suka ce masa akwai gyara. Ya sa kiɗa a daidai wurin farauta, alhali kuwa dorina tana da kunne, kiɗa ƙara mata ƙarfin zuciya yake yi, ba mahaukacin da zai je farautarta da kiɗa. Rouch ya karɓi gyara. Ga mutanen da aka ce kaza kawai suke gani, ga shi sun koya wa gwani aikinsa. Irin wannan majigi nake nufi, wanda mai kallo yake da bakin magana a cikinsa.

To, me za a tattauna a Fataskum? Kai, abin da yawa, kuma ba dole sai an tono shi daga nesa ba. A watan Yuli na 2009, da rikicin Boko Haram ya tashi, Fataskum na cikin garuruwan da aka kai wa ofishin 'yan sanda hari. A farkon watan Mayu na 2012 aka afka wa kasuwar shanu, wadda tana cikin mafi girma a Afirka ta Yamma, aka kashe mutum fiye da 30, dabbobi suka ƙone. Ran 6 ga Yuli, 2013, aka shiga makarantar sakandare ta Mamudo da asuba aka hallaka mutum 42, galibinsu 'yan makaranta. Ran 3 ga Nuwamba, 2014, bam ya tashi a jerin gwanon Ashura, bayan mako guda cif, ran Litinin 10 ga wata, wani ya sa tufafin 'yan makaranta ya shiga sahun yara a makarantar kimiyya ta gwamnati suna taron safe, ya tafi da rayuka fiye da 40. A farkon 2015 aka kai hari kasuwar waya da tashar mota. Mu da muke aikin tace labari a ɗakin jarida, adadi muke gani, mu gyara waƙafi mu aika maɗaba'a. Amma kowane ɗaya daga cikin adadin nan yana da uwa, kuma uwayen nan da yawansu suna nan da rai a unguwannin Fataskum da ƙauyukan Fika da Nangere da Fune, ba wanda ya taɓa zuwa da abin ɗaukar magana ya ce, Inna, gaya mana. Kowace damina waɗansunsu na tafiya da abin da suka sani.

A lura kuma da cewa yaran da suka taso cikin wannan hali sun taso ne a lokacin da aka cire darasin tarihi daga ƙananan makarantun ƙasar nan, aka yi shekara fiye da goma kafin a waiwaye shi. Gurbin da makaranta ta bari ba ya zama wofi. Su kansu masu tayar da ƙayar bayan sun san darajar hoto, shi ya sa tun da wuri suka riƙa ɗaukar wa'azinsu da ta'asarsu suna watsawa daga waya zuwa waya. Watau dai an daɗe ana yin majigi a Fataskum, sai dai a ɓoye ake yinsa, mutum ɗaya da wayarsa a lungu, ba malami kusa, ba dattijo kusa, ba wanda zai ce masa wannan ƙarya ne.

Finafinan da za a fara da su akwai su. Na farko a wurina shi ne wanda aka yi a 2006 a kan Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye na Kaduna. Waɗannan mutane biyu sun ja dāga da juna a rikicin 1992, Wuye ya rasa hannunsa na dama, Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu. A 1995 aka haɗa su, da ƙyar da jiɓin goshi suka amince da juna, har suka kafa cibiyar sasanta Musulmi da Kirista, suka kuma shiga tsakani a rikicin Yalwa da Shandam na Jihar Filato bayan kashe-kashen 2004. Abin da ya sa na fifita wannan fim shi ne bai ɓoye cewa yafiya tana da ɗaci ba. An kai labarinsu har ƙasar Kenya bayan rikicin zaɓen 2007, su biyun suka je da kansu suka yi aikin sulhu a can. Abin kunya ne a ce mutumin Kenya ya amfana da labarin Kaduna, ɗan Fataskum, garin da masallaci da coci suke unguwa ɗaya, bai taɓa gani ba. Akwai kuma fim ɗin matan Laberiya na 2008, wanda ya nuna yadda mata Musulmi da Kirista a ƙarƙashin Leymah Gbowee suka sa fararen kaya suka zauna a rana har sai da mazan da ke yaƙi suka sa hannu a takardar sulhu a 2003. Akwai na Sorious Samura, ɗan Saliyo, wanda ya ɗauki hoton abin da ya faru a Firitawun a watan Janairu na 1999, ya nuna ta'asar 'yan tawaye, bai kuma rufe ido ga abin da waɗansu sojojin kiyaye zaman lafiya suka aikata ba. Wannan na ƙarshe ba na yara ba ne, kuma sai an tace shi.

Da na ambaci soja, to, mun zo wurin da maganar take da ƙaya. Fim ɗin da zai nuna laifin Boko Haram kaɗai, ya yi shiru a kan mutanen da aka kama ba a sake jin ɗuriyarsu ba, jama'a za su kalle shi su yi tsaki su tashi, domin sun san sauran labarin. Ƙungiyar Amnesty ta fitar da rahoto a watan Yuni na 2015 tana cewa mutum fiye da 7,000 sun mutu a tsare a hannun soja tun daga 2011, rundunar soja kuwa ta musanta. Ba aikin majigi ba ne ya zama alƙali a tsakaninsu. Aikinsa shi ne ya ba matar da mijinta ya ɓace dama ta faɗi sunan ranar da aka tafi da shi, ya kuma ba matar sojan da ya kwanta dama a fagen fama tata damar. Dukansu biyu zawarawan yaƙi ɗaya ne. Haka nan batun tubabbu. Tun 2016 Gwamnatin Tarayya take da shirin gyaran halin waɗanda suka ajiye makami, a sansanin Malam Sidi na Jihar Gombe, ana kuma mai da su cikin jama'a. Talakan da aka kashe wa ɗa ba a nemi shawararsa ba, sai dai ya ji a rediyo. In ba a buɗe masa wurin da zai amayar da abin da ke cikinsa ba a gaban Sarki da Shugaban Ƙaramar Hukuma, zai haɗiye ne, abin da aka haɗiye da tilas kuwa ba a san ranar da zai dawo ba.

Na san Hukuma ba ta cika son irin wannan hoto ba. A watan Agusta na 2022 Hukumar Kula da Gidajen Rediyo da Talabijin ta ci gidan Trust TV tarar Naira miliyan 5 saboda fim ɗin da ya yi a kan 'yan fashin daji, ta kuma ci waɗansu kamfanoni irin wannan tara don sun watsa na BBC a kan Zamfara, wai an ɗaukaka ta'addanci. Amma a 2018, da BBC ta nuna yadda maganin tari mai kodin yake lalata samarin Kano da sauran garuruwa, ba a kwana biyu ba Gwamnati ta hana yinsa da shigo da shi. Likitoci da malamai sun yi shekaru suna kuka a kan kodin ba a motsa ba, sai da aka ga hoton. Gani ya kori ji. Ashe Hukuma ta san ƙarfin abin, tana dai son ya zama nata ita kaɗai.

Masu ja da wannan shawara suna da hujjoji, kuma mafi nauyinsu ita ce ta tsaro. Ba a manta ba ran 17 ga Yuni, 2014, bam ya tashi a Damaturu a wurin da samari suka taru suna kallon gasar ƙwallon duniya, haka kuma aka yi a Konduga ta Jihar Barno a watan Yuni na 2019. Wanda ya ce tara mutane da dare a fili ba shi da haɗari, wasa yake da rayukan 'ya'yan mutane. Saboda haka ban ce a koma ƙofar fada da tsakar dare kamar zamanin En'e ba. A fara da wurare masu katanga da ƙofa ɗaya, kamar harabar makarantu da zauren taro na Kwalejin Horon Malamai ta Tarayya da ke garin, a yi da la'asar ko da magariba, 'yan sanda da 'yan sintiri na unguwa su tsaya a ƙofa. Ai kasuwar shanu tana ci, ana sallar Idi, ana taron siyasa da dubban mutane, 'yan kallon ƙwallo kuma sun koma gidajen kallonsu. In an iya tsare waɗannan, ba a rasa yadda za a tsare mutum 200 masu kallon tarihin garinsu.

Hujja ta biyu ita ce wai tuna baya fama gyambo ne. Wannan gaskiya ne in aka yi aikin da garaje. Kada a nuna gawa, kada a nuna fuskar wanda bai yarda ba, kada a haska hoton makarantar kimiyya a gaban iyayen da suka binne 'ya'yansu ba tare da an je gida an nemi izininsu ba. Amma shirun da muke yi ba magani ba ne. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, a 1945, an nuna wa Jamusawa hotunan sansanonin da aka hallaka Yahudawa, a gidajen silima da kuma a gaban kotun Nurembag, don kada wani ya zo daga baya ya ce ba a yi ba. Mu kuwa mun yi Yaƙin Basasa daga 1967 zuwa 1970, muka rufe shi da cewa ba wanda ya ci ba wanda aka ci, muka hana kanmu zancen, ga shi bayan shekara fiye da 50 jikokin waɗanda suka yi yaƙin suna zagin juna a Facebook a kan abin da ba wanda ya zaunar da su ya nuna musu.

Batun cakuɗuwar maza da mata, wanda malamai za su tayar, mai sauƙi ne: a ware wa mata ranarsu a makarantun Islamiyya da majami'u, mace ta ja ragamar tattaunawar. Abin da na fi jin tsoro shi ne ɗan siyasa. Da zarar ya ga taro zai aiko da kujeru da hotonsa, kafin a ankara majigi ya koma tallar rijiyar burtsatse da Ranka-ya-daɗe ya haƙa. Maganin wannan shi ne kada zaɓen fim ya zama a hannun ofis guda. A kafa kwamiti wanda fadar Mai Fika da fadar Mai Potiskum za su ba da wakilai, da limamai da fastoci, da shugabannin kasuwar shanu, da ƙungiyar direbobi, tun da Fataskum garin manyan motoci ne, da malaman makaranta, da mata waɗanda yaƙin ya taɓa. A kuma kafa doka tun farko, wata uku kafin kowane zaɓe a naɗe ƙyalle. Wanda ya ba da kuɗi kuma, ko Gwamnati ce ko wata ƙungiya ta ƙasashen waje, a faɗi sunansa a gaban jama'a kafin a kunna na'ura, domin mai kallo ya san ta inda iskar ke busowa.

Kayan aikin ba su da tsadar da suke da ita a zamanin Sardauna. Na'urar haska hoto ta yau ba ta fi ƙaramin akwati ba, batir mai cajin hasken rana yana riƙe ta, bangon aji mai farin fenti ya isa allo. A Nijar da Mali da Binin akwai ƙungiyar silimar tafi-da-gidanka da ta fi shekara 20 tana zaga ƙauyuka da irin waɗannan kaya, kuma tsarinta shi ne in an gama fim a miƙa wa jama'a abin magana. Mu nan muna da Hukumar Wayar da Kan Jama'a, wadda ta gaji MAMSER a 1993, tana da ma'aikata a ƙananan hukumomi, ga kuma jami'an watsa labarai na ƙananan hukumomin su kansu. Abin da zai ci kuɗi da lokaci shi ne fassara. Hausa ta game garin, amma tsohuwar da za ta ba da labarin ɗanta, da Karekare ko Bolanci ko Ngizimanci ko Fulatanci zuciyarta za ta fi buɗewa, kuma da harshen ya kamata a ɗauke ta, a sa Hausa daga baya.

Wannan ya kawo ni ga aikin da ya fi nuna finafinan waje muhimmanci, watau Fataskum ta yi nata. Ɗaliban kwalejin garin da samarin da suke ɗaukar hoton biki suna da hannu, horo kaɗan suke bukata na yadda ake tambayar mai baƙin ciki ba tare da an ci zarafinsa ba. In an ɗauka kuma a san inda za a ajiye. Fim ɗin Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya yi a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, ɓacewa ya yi shekara da shekaru, sai da aka tsinci naɗe-naɗensa cikin ƙura a wani tsohon ɗakin ajiya a Ikko, aka kai Jamus aka gyara, aka nuna shi a Balin a 2018. In fim ɗin littafin Firayim Minista ya sha wannan wulaƙanci, ina ga muryar mai sayar da ƙosai ta Mamudo? Saboda haka kowane abin da aka ɗauka a yi shi kofi uku: ɗaya a fada, ɗaya a laburaren kwaleji, ɗaya a aika ma'ajiyar finafinai ta ƙasa da ke Jos. A fara da dattawan kasuwar shanu da malaman da suke bakin aiki a Mamudo a 2013, tun ana iya samunsu.